Bangon da Aka Yi wa Gayya Sau Biyu

Kwana uku iska ta tsare Nolberto Chiguay a garin Castro. Ranar Laraba ya haye daga tsibirinsu da sassafe, da niyyar ya sayi kayan aiki ya dawo a jirgin yamma, sai teku ta tashi, aka rufe tashar, babu jirgin da ya motsa sai ranar Asabar. Bai damu sosai ba. Ya riga ya tsara aikin a kansa, ya san akwai lokaci.

Aikin kuwa na yayarsa ne, Fresia. Tun da mijinta Anselmo ya rasu take son ta riƙa dafa wa baƙi abinci a gidanta, masu zuwa tsibirin shan iska in rani ya shiga, amma ba a yin haka sai da takardar izini. Ma'aikaciyar duba-gari ta zo wata uku da suka wuce, ta leƙa kicin ɗin, ta ce komai ya yi ban da bango. Tayil ɗin da ke jikinsa ya tsattsage tun girgizar ƙasa, baƙin datti ya zauna a tsagogin. Ta ce a cire shi, a bar bango sumul, a shafa masa fenti mai wankuwa, za ta dawo ranar Juma'ar farko ta Disamba. Daga wannan zuwan kuma ba za ta sake taka tsibirin ba sai a Maris, lokacin da baƙi suka riga suka watse. To, Juma'ar nan ita ce mai zuwa.

Shekara goma sha tara Nolberto ya yi yana aikin filasta a birni kafin ya dawo gida, saboda haka ya san irin bangon. Ba bulo ba ne. Allon filasta ne, farin alli da aka matse tsakanin takarda biyu, aka ɗaure shi a jikin katako. Duk ƙarfinsa a takardar nan yake. In za ka raba shi da tayil, sai ka zura siririn ƙarfe ta baya, ka lallaɓa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Shi ya sa kafin ya tafi ya ce wa yayarsa, har sau biyu, kada kowa ya taɓa.

Da ya hawo daga bakin ruwa yana tura baro, da allo biyu a ɗaure a kai da buhun filasta da gwangwanayen fenti, abin da ya fara gani fatar tunkiya ce a shanye a kan shinge. Sai kuma tarin tayil a gefen ƙofa. Ya ajiye baron, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya bayansa. Takarda ce manne da shi, da guntun farin alli mai kaurin yatsa. Ya ɗauki wani. Haka. Ya ɗauki na uku.

Fresia ta fito daga rumfar girki ta bayan gida tana goge hannu a jikin riga.

"Sannu da hanya, Beto. Teku ta kwanta?"

"Yaya, wa ya shiga kicin ɗin nan?"

"Ka wanke hannu tukuna, akwai sauran nama."

Bai wanke ba. Ya tura ƙofar ya shiga, ya tsaya a tsakiyar ɗakin.

Bango uku ne. A na hagu an yage takardar daga ƙasa har tsayin kafaɗa, ta rataye kamar fatar da aka feɗe rabi aka bari. A bayan wurin wanke-wanke akwai ramuka huɗu, ɗaya har kana hango katakon waje ta cikinsa. Amma ba wannan ne ya sa ya dafe ƙeya ba. A kan ɓarnar, kusan ko'ina, an yaɓa siminti. Baƙin siminti mai yashi, da kauri, an shafe shi da wani abu mai kama da bayan faranti. Takardar da ke ƙarƙashi ta sha ruwan simintin ta kumbura, ta ɗaga shi, ya yi tudu-tudu. Ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa wani wuri, ya ji ƙarar fanko. Ya danna, wurin ya lotsa.

"Yaya."

"Ka rage murya."

"Ban ma fara magana ba."

Ta jawo ƙofar ta rufe, sannan ta ba shi labari. Ranar Alhamis Baba Olegario, dattijon da gonarsa ke jikin tata, ya zo gaishe ta, ya same ta a tsaye tana kallon teku. Ya tambaya, ta gaya masa. Sai ya ce, "Muna raye matar Anselmo za ta zauna jiran jirgi?" Washegari da safe maza takwas suka yi sallama, kowa da fartanyarsa ta haƙar dankali, wani da shebur. Kafin rana ta yi tsaka sun gama. Da Baba Olegario ya ga ramuka, ya aika gidansa aka kawo ragowar simintin da ya daɓe garken aladunsa da shi, ya toshe da hannunsa. Ita kuma ta yanka tunkiya, ta soya wainar dankali, ta fito da giyar tuffa, kamar yadda ake yi wa 'yan gayya.

"Fartanya," in ji Nolberto. "Sun haƙi bango da fartanya. Yaya, dankali suka zata a ciki?"

"Taimako suka yi."

"Ban ce kada a taɓa ba? Sau nawa na faɗa?"

"To in ce me? Mutum takwas a ƙofata, tsoho a gabansu, in ce su koma ƙanena ya hana?"

"E mana! Ki ce haka!"

"Kai ka daɗe a birni." Ta zauna a kan benci. "Shanun wa ke yi mini huɗa? Wa ya kwana uku a teku da 'ya'yansa yana neman gawar Anselmo, lokacin kai kana can? Aikin gayya ba a kushe shi, Beto, ka sani. Ba a warware shi kuma. In ka sa hannu ka kankare simintin nan, gobe duk tsibirin ya ji cewa aikin Olegario aka zubar a bola. Ka shafa fenti a kai kawai."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. "Fenti a kan wannan? Matar nan in ta zo hannu za ta sa. Yatsa ɗaya za ta danna, bangon ya faɗo mata a ƙafa. Ke da takarda sai Maris, in ma an ba ki."

Fresia ta riga ta sayi faranti ashirin da huɗu, suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonta, shi ya ɗauko mata su daga jirgi.

Ana cikin haka sai aka buga taga. Delfín ne, tsaransa, wanda suka yi makarantar firamare tare, ya manna fuska a gilashi yana dariya.

"Injiniya ya dawo! Ka ga mun rage maka aiki? Abin da ka ce kwana biyu, mu kafin nama ya nuna mun gama. Ku 'yan birni da lallaɓe-lallaɓe!"

Nolberto ya buɗe baki. Yayarsa ta taka masa ƙafa.

"Na gani," ya ce. "Sannunku da aiki."

Kalmomin nan sun fi komai yi masa ɗaci a ranar. Ya fita ya zauna a kan hannun baron, ya daɗe yana kallon tarin tayil. A birni da wani ya yi wannan aikin, da tun kafin ya wanke hannu an kore shi. A nan kuwa an yanka musu tunkiya. Ya ƙirga kwanakin da yatsu. Ko da yayarsa ta yarda ya kankare, shi kaɗai sai ya ci kwana uku a kan simintin nan, ga filasta kuma ba a yi mata gaggawa, shafi ɗaya yini guda yake so kafin ya bushe, a tsibirin da ruwan sama ba ya hutawa.

Can sai ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya sa hula.

"Ina za ka?" in ji Fresia. "Beto, don Allah kada ka ja mini."

"Roƙo zan je."

Ya sami Baba Olegario a bakin garke yana zuba wa aladu dafaffen dankali. Ya cire hula, ya gaishe shi, ya tambayi ƙafarsa, ya tambayi Inna Uberlinda matarsa, aka yi maganar iska. Sannan ya faɗi abin da ake faɗa.

"Baba, na zo roƙon gayya. Yini ɗaya."

"Gayyar me, ɗana?"

"Ta bango."

Tsohon ya ajiye bokitin. "Bangon da muka gama?"

Nolberto ya dubi ƙasa. Duk abin da ya kamata ya faɗa yana nan a maƙogwaronsa, a jere, ya ma san da wanda zai fara. Tsohon ya zuba masa ido. Mutum ne da ya gina gidansa da hannunsa, ya sassaƙa kwalekwale biyu, ba zai yiwu a ce bai ga yadda simintin ya kumbura ba.

"Yarinyar nan ta gwamnati ce ba ta son siminti, ko?" in ji Baba Olegario a hankali.

Nolberto ya murza hular da ke hannunsa. "Ita ce, Baba."

"Na sani! Haka suke. Abu mai ƙarfi ba sa so, sai abin da zai lalace gobe su sake zuwa. To ba komai, a yi mata yadda take so. Amma gobe Lahadi, ba a aiki. Sai Litinin. Me za ka yanka?"

"Yanka?"

"Kai ne mai gayya, ai."

Ɗan rago ɗaya Nolberto yake da shi, wanda yake kiwo domin Kirsimeti. A hanyar komawa ya biya gida bakwai, a kowanne ya cire hula ya roƙa, a kowanne kuma aka gaya masa yadda aikin Juma'a ya yi sauri. Yana tafe yana magana shi kaɗai. Su fasa bango, shi ya cire hula. Su yaɓa simintin aladu, shi ya yi ƙarya. Su ci tunkiya, su dawo su ci ragonsa. Wani kare ya biyo shi, ya juya ya yi masa tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa.

Amma akwai abu ɗaya da ya sa ya zaɓi wannan hanyar. Gayyar da aka kawo maka, sai dai ka yi godiya. Wadda ka roƙa kuwa, kai ke raba aiki, kuma ko tsoho ba ya musa wa mai gayya har a ci abinci.

Lahadi bai taɓa bangon ba. Ya zauna a rumfa ya wasa duk wuƙaƙen yayarsa.

Ranar Litinin da hantsi suka iso, su takwas. Ya tare su a ƙofa. Delfín har da wani dogon ƙarfe na ɓalle katako a kafaɗa.

"Ajiye shi nan."

"Haba Injiniya, wannan ai shi ne maganin siminti."

"Ajiye. Kowa ya jingine abin da ya zo da shi a jikin shinge."

Ya miƙa wa kowa wuƙar kicin ko ƙaramin makankari. Delfín ya ɗaga tasa yana juya ta a haske.

"Wannan ba da ita Fresia ke fere dankali ba? Jama'a, yau mun zama matan gida."

"Matan gida ba su taɓa fasa bango ba," in ji Nolberto. Aka yi dariya, an ɗauka wasa yake.

Ya zana wa kowa gurbinsa da fensir, faɗin taku ɗaya. Ya nuna musu yadda ake yi. A zura wuƙa a kwance ƙarƙashin simintin, a ɗaga kaɗan, a bar shi ya sako da kansa. Kada a ja takarda in ta biyo. A yanke ta da tsini a zagaye, daidai inda ta daina sakewa, sannan a cire. Inda allin ya sha ruwa ya yi laushi kuma a kira shi, kada a taɓa.

Abin da ya ƙara ƙona masa rai shi ne, sun iya. Mutanen da ke ɗinke raga da yatsu, masu fitar da naman kaguwa ba tare da sun fasa ƙafarta ba, ga su suna bin takarda a hankali kamar masu aski. Ashe ba rashin hannu ba ne. Ranar Juma'a babu wanda ya tsaya ya duba, shi ke nan. Baba Olegario ya ɗauki bangon bayan wurin wanke-wanke, inda simintinsa ya fi kauri, ya zauna a kan kujera yana ɓamɓarewa, yana yi yana zagin gwamnati.

"Dubi aiki mai kyau. Wannan da ya shekara hamsin."

"Hamsin da ɗaya, Baba," in ji Delfín.

Nolberto ya juya musu baya ya ci gaba da nasa. Shi ya ɗauki ramukan. Kowane rami ya yanke shi ya zama murabba'i, ya faɗaɗa har ya kai kan katakon da ke baya ta hagu da dama, ya auna, ya yanko daidai daga sabon allo, ya zaunar, ya ɗaure da ƙusoshi masu murɗi har kawunansu suka ɗan nutse. Allo biyu ya sayo, don ɗan gyara nan da can. Sai da ya yi ta juya su yana lissafi kamar tela mai ƙarancin yadi. Da ya toshe na ƙarshe, abin da ya rage bai kai tafin hannu biyu ba.

Da rana ta karkata aka share ƙasa, ya buɗe gwangwanin fentin mai. Ya ce duk inda takarda ta yage, duk inda launin ƙasa-ƙasa ya fito, a shafe shi, har gefe-gefe.

"Fenti kafin filasta?" in ji Baba Olegario. "A ina aka taɓa yin haka? Ai kamar mutum ya sa takalmi ne sannan ya sa safa."

"Yagaggiyar takarda in ta ji ruwa kumbura take yi, Baba. Wannan ne ke hana ruwan filasta ratsa ta."

"Kumbura?" Tsohon ya dubi bangon da ya kankare. "To. Kai ne mai gayya."

Da yamma aka ci ragon. An gasa shi a kan sanda, ya yi daɗi, kowa ya faɗa. Nolberto ya ɗauki haƙarƙari ɗaya ya kasa gamawa.

Sauran aikin nasa ne shi kaɗai. Talata ya manna tef mai raga a kan duk mahaɗa, ya kwaɓa filasta, ya yi shafin farko, siriri, yana jan cokalin gini daga ƙasa zuwa sama. Ruwan sama ya kama tun azahar bai tsaya ba. Ya hura murhun ƙarfen kicin ɗin, wuta kaɗan-kaɗan, ya ɗan buɗe taga ɗaya domin danshi ya fita. Ya je rumfa shan shayi, ya dawo ya tarar Delfín ya shigo fakewa, ya cika murhun da itace har ƙarfen na ƙara.

"Ina taya ka ne, ya bushe da wuri."

"Ka fita."

"Kai, daga taimako?"

"Delfín, don girman Allah, kada wani ya sake taimaka mini a gidan nan."

Ya kwashe itacen da ke ci ya watsa waje cikin ruwa. Duk da haka bangon da ke kusa da murhu ya yi 'yan tsagogi kamar gashi, sai da ya bi su ya cike.

Laraba ya kankare tudun da cokali ya bari, ya yi shafi na biyu, mai faɗi fiye da na farko, domin mahaɗa ta ɓace. Alhamis da asuba ya shigo da tocila, ya kwantar da haskenta a jikin bango yana bi. A ƙarƙashin taga ya ga wani ɗan kumburi, girman ƙwan kaza. Jininsa ya hau. Wani ya tsallake wurin bai shafa fentin mai ba. Ya duba zanen fensir da ya rage a jikin katakon taga don ya san gurbin wane ne, ya riga ya shirya abin da zai gaya wa mai shi. Ashe nasa gurbin ne. Ya zaro wuƙa ya yanke kumburin, ya shafa fenti, ya zauna gabansa yana fifita da murfin tukunya. Fresia ta leƙo ta gan shi, ta dubi wurin, ta koma rumfa.

Bai samu ya goge bangon da sanfefa, takardar nan mai yashi, ba sai bayan azahar. Ƙura ta rufe shi har gira. Ya share, ya goge bangon da busasshen ƙyalle, ya yi fenti shafi ɗaya kafin faɗuwar rana, ya yi na biyu da sassafen Juma'a, jirgin duba-gari na kan ruwa.

Ta iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, matashiya ce cikin rigar ruwa, da jaka a kafaɗa. Rabin unguwa ya biyo ta. Baba Olegario ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Fresia ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe hannunta ɗaya da ɗaya.

Matar ta buɗe famfo ta rufe. Ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ta shinshina iska.

"Yaushe aka yi fentin nan?"

"Da safe," in ji Nolberto.

"Hmm." Ta kunna fitilar wayarta, ta kwantar a jikin bango, daidai yadda shi ya yi. Ta bi na hagu. Ta bi na tsakiya. Ta sa bayan yatsu ta ƙwanƙwasa nan da can, ta danna da babban yatsa a bayan wurin wanke-wanke. Ta zo ƙarƙashin taga ta tsaya. Ta sunkuya, ta shafa, ta wuce.

"Kada a dafa komai a nan sai warin ya fita, kwana uku aƙalla," ta ce. Ta ɗora takarda a kan tebur ta cike, ta sa hannu, ta buga hatimi. "Aiki ya yi kyau. Wa ya yi?"

"Mu ne, 'yata," in ji Baba Olegario. "Gayya muka yi, har sau biyu. Mun cire miki simintin, tunda ba kya so."

Matar ta dube shi ba ta gane ba, ta yi murmushi kawai. Ta miƙa wa Fresia takardar, ta ce a rataye ta a bango inda baƙi za su gani, ta fita domin jirgi ba ya jira.

Fresia ta riƙe takardar da hannu biyu, leɓunanta na motsi tana karanta sunanta. Mata suka yi ta rungumar ta. Nolberto ya jingina da ƙofa, ya rufe ido na ɗan lokaci.

Da ya buɗe, sai ya ga Baba Olegario ya karɓi takardar ya dafe ta a tsakiyar bangon hagu. Delfín ya miƙa masa guduma. A bakin tsohon akwai ƙusa mai tsawon yatsa, irin wadda ake haɗa kwalekwale da ita. Ya zare ta ya saita, ya ɗaga gudumar.

Nolberto bai san lokacin da ya tsallaka ɗakin ba. Sai dai ya ji wuyan hannun tsohon a cikin tafinsa.

"A'a, Baba."

"Sake ni, ɗana, bugu biyu ne."

"Ba za ka buga ba. Babu katako a nan, fanko ne, gudumar za ta shige har ƙota. Kuma tunda na fara, bari in gama. Matar nan ba ta taɓa jin labarin siminti ba, ni ne ban so shi ba. Ni ne! Siminti ba ya zama a kan takarda. Bango ba gona ba ne da za a shige shi da fartanya. Kun kusa sa yayata ta rasa rani guda, kuka ci tunkiyarta, kuka ci ragona, na ce muku sannu da aiki. Ban ji daɗin faɗin haka ba, Baba. Har yau yana nan a wuyana."

Delfín ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Fresia ta ce, "Beto," a hankali.

Baba Olegario ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ya dubi bangon. Sannan ya juya gudumar ya miƙa masa ta ƙota.

"To ina katakon yake?"

Nolberto ya karɓa. Ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa yana matsawa dama, fanko, fanko, har ƙarar ta cika. Ya mayar wa tsohon babbar ƙusar, ya laluba aljihunsa ya fito da 'yar ƙarama, ya buga ta sau uku a hankali. Fresia ta sa takardar a leda ta rataye da kanta. Ta ɗan karkace, ta gyara.

"Ka gama?" ta tambaye shi.

"Ban gama ba. Akwai maganar murhu."

"Ka bar ta zuwa gobe."

Tsohon ya sa ƙusarsa a aljihun kwat. Ya tsaya gaban takardar yana kallo, ko da yake ba ya karatu sai da tabarau, kuma bai zo da shi ba.

"Fresia," ya ce, "akwai shayi a gidan nan, ko shi ma sai an tambayi ƙanenki?"

"Akwai, Baba. A rumfa."

Aka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Delfín ya zo wucewa, ya kai hannu zai dafa bangon kusa da ƙofa, ya haɗa ido da Nolberto, ya mayar da hannun aljihu.